Na Dawo Da Niyyar Wayar Da Kan Matasa, Amma Ba Mai Saurarona

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 21, ina karatu a jami'a. Kwanakin baya aka zaɓe ni cikin wani shirin musayar matasa na ƙasa da ƙasa, muka yi mako biyu a Turai tare da matasa daga ƙasashe daban-daban, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa ce batun da muka tattauna. A can na fara jin mutum ya miƙe a gaban jama'a ya ce yana fama da ciwon damuwa, ba kunya, ba wanda ya yi masa dariya. Kafin mu rabu kowa ya ɗauki alkawarin zai koma gida ya wayar da kan 'yan uwansa matasa. Da na dawo na shirya taro a makaranta, na buga takardu na raba, amma mutane ƙalilan suka zo, wasu ma suka tashi kafin a gama. Ƙawayena suna cewa na je na kwaso ciwon Turawa, wasu har "likita" suke kirana don tsokana. A gida an ce in bar wannan in fuskanci karatuna. Ni kaina yanzu ba na jin daɗin komai, barci ya ƙaurace mini, kullum ina kan waya da abokan da na yi a can. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, bayan taron wata 'yar aji ɗaya ta same ni ta ce ta gaji da rayuwa, wani lokaci tana ganin gara ta mutu, ta kuma sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Anti, in daina ne kawai?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Zan zo kan tambayarki, amma ba da ita zan fara ba, domin a cikin wasiƙar nan akwai abin da ba ya jiran gobe, wato yarinyar da ta same ki.

Ki neme ta yau. Kada ki tsaya kan saƙon waya, ki je inda take, ku keɓe inda ba mai jin ku, ki ce mata: "Maganar da kika faɗa mini ta tsaya mini a rai. Kina tunanin kashe kanki ne?" Haka kai tsaye, ba kewaye-kewaye. Na san bakinki zai yi nauyi, don yawancinmu muna tsoron kada a ce mu ne muka dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi. An bincika wannan sau da dama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa tambayar ba ta tura kowa ga aikatawa. Sau da yawa ma sanyi take kawo wa mai ciwon, don ya samu wanda bai gudu ba da ya ji nauyin abin da ke ransa. Idan ta ce eh, ki ci gaba cikin natsuwa. Ta tsara yadda za ta yi? Ta sa rana? Ta tanadi wani abu? Ta taɓa gwadawa a baya? In ko ɗaya daga cikin waɗannan amsarsa eh ce, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta sashen gaggawa na asibiti a ranar, a kuma kawar da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi daga inda take kwana.

Kada ki raina wannan kawar da kayan. Lokacin da tunanin kashe kai ya kai ƙololuwa yawanci ba ya daɗewa, yakan zo da ƙarfi ya lafa, kuma wanda bai samu abin aikatawa a kusa ba a wannan ɗan lokacin, sau da yawa yakan rayu. Ƙasar Sirilanka ta hana sayar da magungunan kashe ƙwari mafi dafi, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. Matsalolin mutane ba su ƙare ba a wannan tsakanin, abin mutuwa ne ya yi musu nisa har guguwar ta wuce.

Batun alkawarin da kika yi mata kuwa, ba irin wanda ake riƙewa ba ne. Sai dai akwai yadda ake warware shi ba tare da an ci amanarta ba. Kada ta ji labarinta a bakin wani. Ke za ki fara gaya mata: "Na yi miki alkawari, amma ranki ya fi mini alkawarin, kuma abin nan ya fi ƙarfina ni kaɗai. Ki zaɓi wanda za mu faɗa wa, ni zan raka ki." Ki bar mata zaɓin, ko ma'aikaciyar jinya a asibitin makaranta, ko mai ba ɗalibai shawara, ko wani babba a danginta da ta san ba zai hau ta da faɗa ba. Ki lura sosai a nan, don idan tushen damuwar daga gida yake, to ba gida za a fara kai maganar ba. Mai yiwuwa ta yi fushi da ke, ta daina amsa gaisuwarki na wani lokaci. Ki jure. Kuma yayin da take magana, ki danne sha'awar ba ta haƙuri da irin kalaman da muka saba: "ke me kika rasa", "wasu sun fi ki shiga matsala", "ki cire wannan a ranki". Da kyakkyawar niyya ake faɗinsu, amma abin da mai ciwo ke ji shi ne ba a yarda da shi ba, sai ya kulle bakinsa.

Ina so ki ga wani abu. Kin ce taronki bai yi armashi ba. Amma daga wannan taron ne yarinya ta gane akwai wadda za ta iya faɗa wa abin da ta ɓoye. Ni a wurina wannan shi ne abu mafi girma da kika yi tun dawowarki, ya fi cika ɗakin taro.

Yanzu ke.

Abin da kike ji sananne ne, an daɗe da rubutu a kansa. Tun a 1963 wasu masu bincike 'yan Amurka, John da Jeanne Gullahorn, suka nazarci mutanen da suka je karatu ko koyarwa a ƙetare, suka nuna cewa ba zuwa baƙuwar ƙasa kaɗai ke girgiza mutum ba, dawowa gida ma tana da nata girgizar. Wani lokaci ta dawowar ta fi zafi, domin ita ba a shirya mata. Mai tafiya ya san zai tarar da baƙon abu. Mai dawowa kuwa yana zaton gida zai karɓe shi yadda ya bar shi, sai ya tarar shi ya canza, su kuma suna nan kan harkokinsu, ba wanda yake da lokacin jin labari fiye da minti biyar. Kada ki ce ai mako biyu ne kawai. Irin waɗannan shirye-shirye gajeru ne da ma, musayar matasa ta Erasmus+ da Tarayyar Turai ke ɗaukar nauyi ba ta wuce kwana 5 zuwa 21, amma kwanaki ne da ake cusa abubuwa da yawa a cikinsu: ana kwana wuri ɗaya, ana wuni tare, ba jarrabawa, ba hidimar gida, kowa an zaɓo shi ne don yana son batun, akwai kuma ƙwararru da aikinsu shi ne su sa kowa ya saki jiki. Shaƙuwar da kuka yi gaskiya ce, ba na shakka. Amma yanayi ne aka gina musamman, kuma ba adalci ba ne ki auna ƙawayenki da shi. Su ma waɗancan abokan da kike kwana kuna hira, da yawansu sun koma sun tarar da irin shirun da kika tarar. Ki tambaye su ki ji.

Rashin barcin nan da rashin jin daɗin komai su ne suka fi damuna game da ke. Ki fara da abin da ke hannunki: ki sa wa hirar dare iyaka, waya ta bar kan shimfiɗa, ki riƙa tashi a lokaci guda kullum ko da daren bai yi daɗi ba, ki fita ki motsa jiki da hasken rana. Idan kuma baƙin cikin da rashin sha'awar abubuwa suka kai mako biyu kusan kullum, suna taɓa karatunki ko cin abincinki, to wannan shi ne ma'aunin da likitoci ke dubawa a ciwon damuwa, sai ki je a duba ki. Kin koyi wannan a can domin wasu, ya shafe ki ke ma. Kuma idan har tunanin da yarinyar nan ta faɗa ya taɓa gifta miki, duk abin da na ce a yi mata, ke ma shi za a yi miki.

To, ki daina ne? A'a. Amma salon da kika ɗauko ki ajiye shi.

Abin da kike ƙoƙari a kai ba ciwon Turawa ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kashe kai yana sahun gaba cikin abubuwan da ke hallaka 'yan shekara 15 zuwa 29. Gaskiya tana gefenki. Sai dai gaskiya ba ta isa ta sa a saurare ki ba idan kowace jimla tana farawa da "a can da muka je". Ki ɗan tsaya a matsayin ƙawayenki. Su ba a zaɓe su ba, ba su hau jirgi ba, sai ga ki kin dawo da takardu kina neman ki koya musu yadda za su ji. Tsokanar "likita" ɗin nan, rabinta ba batun suke ƙi ba, tsayuwarki a gabansu suke ƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sun san abin da ke hana su barci, ko tsoron faɗuwa jarrabawa, ko rabuwa da masoyi, ko rikicin iyaye, ko fargabar gama karatu ba aiki, ko abin da suke gani a waya da ke sa su raina kansu. Ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su, kuma wannan tambayar ce ya kamata ta zama aikinki na farko.

Akwai kuma abin da masu shirya irin wannan tafiya ba kasafai suke faɗa muku ba: lacca ga taron jama'a tana cikin hanyoyi mafi rauni. A Birtaniya an yi wani babban gwaji mai suna MYRIAD, aka fitar da sakamakonsa a 2022. Makarantu fiye da 80 da ɗalibai fiye da 8,000 ne suka shiga, aka koya wa wani ɓangare darussan natsuwa da tattara hankali a aji. Da aka zo aunawa, lafiyar ƙwaƙwalwarsu ba ta fi ta waɗanda aka bari da darussan da aka saba ba, kuma da yawa daga yaran ba su ma riƙa aikata abin a gida ba. Malamai ne da aka horar, da kuɗi, da manhaja. Don haka kada ki ɗora wa kanki laifin da ba naki ba. A shekarar nan ta 2022 kuma, kwamitin da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa kan ƙyamar masu lalurar ƙwaƙwalwa ya tattara binciken da ake da shi, ya ce abin da ya fi rage ƙyama shi ne haɗuwa, wato mutane su zauna da wanda ya yi fama da ciwon, su ji daga bakinsa, su ga yana rayuwarsa. Ki tuna abin da ya taɓa ki a tafiyarki. Ba allon bayani ba ne, mutum ne ya miƙe ya faɗi nasa.

Amma a nan sai an yi hattara ƙwarai, kuma zan ɗan daɗe a kai, domin nan ne masu kyakkyawar niyya suke yin ɓarna. Kada ki tara matasa ki ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa. A can an yi haka a gaban ƙwararru, cikin mutanen da za su watse bayan kwanaki, ba za su sake haɗuwa a aji ba. A makarantarki wanda ya buɗe cikinsa yau, gobe zai zauna kusa da waɗanda suka ji, kuma ba ki da ikon kulle bakin kowa. Sirri ɗaya ya fita, an cuci mai shi, an kuma rufe ƙofar ga duk wanda yake shirin magana. Tilasta wa mutum ya sake bayyana wani mummunan abin da ya same shi, a zama ɗaya, ba tare da mai bibiyarsa ba, hanya ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da ita ba ko ga ma'aikatan lafiya. Wanda zai ba da labarinsa a gaban mutane ya zama wanda ya samu sauƙi, ya zaɓa da kansa, ya san abin da zai faɗa da wanda zai bari. Idan maganar ta kai ga kashe kai, ba a bayyana yadda aka yi, ba a yaɗa hoto, ana dai nuna yadda mutum ya tsallake da inda ya samu taimako. Haka kuma ki guji liƙa wa mutane sunan ciwo. Ba kowane baƙin ciki ne ciwon damuwa ba, ba kowace fargabar jarrabawa ce lalura ba, kuma matashin da aka sa ya ɗauki kansa majinyaci alhali wucewa abin zai yi, ba a taimake shi ba.

Misalin da nake so ki yi nazari a kai daga Zimbabuwe yake. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara wani shiri a Harare da ake kira Friendship Bench: benci ne a harabar asibitocin unguwa, da dattawan mata da aka koya wa yadda za su saurari mai damuwa, su taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, a zama shida. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da su ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, yayin da a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kusan rabi ne. Waɗannan mata ba likitoci ba ne, kamar yadda ke ma ba likita ba ce. Amma an horar da su, akwai masu duba aikinsu, kuma sun san lokacin da za su miƙa mutum gaba. Ukun nan su ne ba ki da su tukuna, su kuma za ki nema kafin ki sake buga takarda ko guda.

Wato ki fara da ƙafa. Ki je asibitin makarantarku ki tambaya: wa ke ganin ɗalibi mai damuwa, wace rana, ana ɓoye sirrinsa? Wane asibiti mafi kusa ne ke da likitan ƙwaƙwalwa? Akwai layin wayar gaggawa da ke aiki, kin kira kin ji an ɗauka? Ki rubuta su a takarda ɗaya. Wayar da kai ba tare da wannan takardar ba tana iya zama zalunci, domin kin farkar da mutum ga ciwonsa kin bar shi ba inda zai je. Sannan ki nemi mutum biyu ko uku, cikin waɗanda suka zauna har ƙarshen taronki, da malami ɗaya ko ma'aikacin lafiya da zai tsaya muku. Ku karanta jagorar agajin farko ga wanda hankalinsa ya tashi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, kyauta ce a intanet, kuma ginshiƙanta uku ne: duba, saurara, haɗa mutum da taimako. Daga nan ku shiga inda matasa suke taruwa da ma, ƙungiyar wasanni, rukunin masu bitar karatu, ɗakin kwanan ɗalibai, ku ɗauko batun da kowa zai amsa ba kunya, kamar barci ko tsoron jarrabawa. Sauran zai biyo baya da kansa. Masu ce muku addu'a ta isa, kada ku yi jayayya da imaninsu. Mai zazzaɓi yana addu'a yana shan magani, ba wanda ya ga saɓani a nan. Idan ƙafarku ta kafu, ranar 10 ga Oktoba, wadda ake tunawa da lafiyar ƙwaƙwalwa a duniya tun 1992, za ta ba ku dalilin yin taro, kuma a lokacin ma'aikacin lafiya ne zai yi bayani, ku kuna gefe.

Mutanen gidanku ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Suna ganin 'yarsu ba ta barci, ta janye jiki, hankalinta yana wata ƙasa, dole su ce a bar abin da suke zaton shi ya jawo. Ki zauna da wanda kuka fi fahimtar juna a cikinsu, ki gaya masa halin da kike ciki da gaske, ki kuma ware wa wannan aiki lokacin da ba zai ci karatunki ba, ko da awa biyu ne a mako. In sun ga sakamakonki bai faɗi ba, kina ci kina barci, za su sassauta.

Su kuma waɗanda suka shirya tafiyar, ki rubuta musu. Sun karɓi alkawari daga bakinku, don haka akwai hakkinku a kansu. Ki gaya musu abin da kika tarar ba tare da ƙawata shi ba, har da cewa wata ta zo miki da tunanin mutuwa ba ki san yadda za ki yi ba, amma kada ki ambaci sunanta. Ki tambaye su ko suna da ƙwararren da zai riƙa ba ku shawara daga nesa, ko ƙarin horo, ko wata ƙungiya a ƙasarku da za su haɗa ki da ita. Idan suka nemi rahoto mai ɗauke da yawan mahalarta da hotuna, ki ba su adadin gaskiya, kuma kada ki ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Allah ya ba ki lafiya, ya ba ta lafiya.

Antinki.